Tsargiyar da Na Je Nema da Ƙafata

Sun cike kududdufin bayan unguwarmu. Ban san ranar da aka fara ba, ni dai na bi ta wurin zan je gaisuwar rasuwa na tarar da tifa tana juye jar ƙasa. Yanzu shaguna ne a jere: mai cajin waya, mai ruwan leda, da wani yaro mai aski da ke ƙure kiɗa kamar kurame yake yi wa aiki. Na tsaya ina kallo har wani mai Keke ya danna mini hon, ya ce Baba a ba mu hanya mana. Da a shekarun baya ne da na yi tsaki na ce an lalata mana gari. Yanzu kuwa na rasa ta cewa, domin ramin nan shi ya raine ni, kuma ina tsoron shi ne zai yi ajalina. Tun farkon daminar nan nake ganin jini a fitsarina, na kuma daɗe ban gaya wa kowa ba.

Gidajenmu na Unguwar Kanawa daga cikin ramin nan suka fito. Mahaifinmu magini ne, ya zo daga Kano tun Kaduna tana rabi bariki rabi daji, shi da abokan aikinsa suka yi ta haƙar ƙasa suna yin tubali, duk gidan da ya tashi ramin ya ƙara zurfi. Da damina ta sauka sai ya cika ya tumbatsa, ciyawa ta kewaye shi, ya kai har tsakiyar rani bai ƙafe ba. A wancan zamani ba agogo ke tashe mu ba. Bayan kiran salla za ka ji busar begilar sojoji daga bariki, can kuma jirgin ƙasa ya yi kuka ta wajen Abakpa, sai luguden mata ya ɗauka gida-gida. Da magariba kwaɗin kududdufi ke karɓa, su yi ta yi har mutum ya daina jin su. Yau in na kasa kunne janareto nake ji, da wayar maƙwabci tana ƙara ta bayan katanga. Jikokina ba su taɓa jin kwaɗo ya cika unguwa da kuka ba, in na ba su labari dariya suke yi, wai Kaka ya fara.

Aikinmu mu yara shi ne ruwa. Ruwan sha daga rijiya ake ja, wannan kam ba a wasa da shi, Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta yarda ko tsinke ya faɗa randarta. Amma na kwaɓa ƙasar Baba, da na wankin tabarmi, da na shayar da tumaki, duk daga kududdufi muke ɗibowa a garwa. In ka kai garwar ƙarshe ka sauke, to sauran yinin naka ne. Mu tuɓe mu faɗa, mu yi iyo, mu yi ƙundumbala, mu shiga cikin ciyawa muna laluben katantanwa. Manyan muke nema, a fasa bakin a goge a dutse har ya daidaita, a murza a ƙasa tana juyawa, wanda ya kasa kife tasa a ɗana masa ita a bayan hannu har wurin ya tashi. Ƙananan nan masu kama da ƙwayar dawa, da ke manne a jikin ganye, ko kallonsu ba ma yi, ba su da amfani a wurinmu. Akwai duba-gari a lokacin, mai gajeren wando da ludayi, in ya shigo layi mata su yi ta kifar da tukwane. Randa yake leƙawa, ya duba masai, ya yi faɗa ya tafi. Ban taɓa ganin ya taka bakin kududdufi ba, alhali duk 'ya'yan unguwa suna ciki tsamo-tsamo.

Tsargiya kuwa ba a lissafa ta cikin cututtuka. Kowane yaro namiji in ya fara tasawa sai ya ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa, kuma abin da muka tashi muka ji ke nan, wai alamar girma ce. Tsofaffin mata su ce su mata da nasu jinin, maza ma da nasu. Baba ya ce zafin rana ne ke dafa cikin yaro, in ya mallaki hankalinsa zai daina. Wani malami a layinmu ya ce daga tsallaka fitsarin wani ake ɗauka, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta ce yawan gishiri ne. Kowa da nasa bayanin, amma ba wanda hankalinsa ya tashi. Mu kuwa yara muka mayar da abin gasa. Wanda ya fara gani zai tara mu a bakin ruwa ya tsaya ya yi a gabanmu, cikin ruwan nan da muke wanka, a ga jan da ido, a yi masa ihu. Daga ranar ya shiga sahun manya, shi ke raba faɗa, shi ke zaɓen 'yan wasa.

Ni ne na ƙarshe a cikin sa'o'ina, kuma wallahi abin ya ci mini rai. Goggo ce ta ja mini, don tana tsoron kada in nutse, kullum kafin rana ta take ta aiko a kira ni, saboda haka wankana na safe ne, sama-sama. Yara suka sa mini suna Amaryar Goggo. In na zo wasa a ce a matsa wa mata wuri. Na sha komawa bayan gida in yi fitsari a kan farin dutse, in durƙusa ina dubawa ko zan ga ɗan ja, in ga fari tas, in zauna in yi kuka. Ka ji fa, yaro yana kuka don yana da lafiya.

Ɗanlami ne ya ji tausayina. Ɗan maƙwabtanmu ne, ya girme ni kaɗan, baƙi siriri mai bakin tsiya, amma zuciyarsa fara ce. Ya ja ni gefe ya ce shi ya lura da abin da sauran ba su lura ba. Ya ce masu wankan safe ba sa samu da wuri, masu shiga zurfi ma haka. In ina so, in bari sai rana ta tsaya tsaka, in je gefen da ciyawa ta yi yawa, inda ruwan yake da ɗumi iya gwiwa, in tsaya kawai. Ya ce in na fito na ji ƙafafuna suna ƙaiƙayi, suka yi ƙuraje ƙanana, to ya kama, kada in wanke da sabulu, kada in sosa da ƙarfi. Allah sarki Ɗanlami. Duk abin da likita ya zo ya faɗa mana da furfura a kanmu, yaron nan ya riga ya gano shi da idonsa, sai dai shi a wurinsa hanyar samun alheri ce yake nuna mini.

Na bi maganarsa sau da ƙafa. In Goggo ta kishingiɗa bayan azahar in sulale, in je in tsaya cikin ciyawar nan kamar balbela, rana tana dukan ƙeyata, ruwan yana wari-warin ruɓaɓɓen ganye, Ɗanlami yana zaune a kan tudu yana yi mini gadi yana cin gyaɗa. Ƙaiƙayin ya zo, na yi murna. Bayan wani lokaci zazzaɓi ya kwantar da ni, da tari da ciwon ciki, Goggo ta dafa mini ganyen darbejiya ta yi mini surace, ta ce shawara ce. Na warke na manta. Sai can bayan an yi girbi, wata safiya, na ji zafi kamar an zuba mini barkono, na duba na ga ja. Ban ko ɗaure wando da kyau ba na ruga gidan su Ɗanlami. Ranar aka tara yara, na tsaya a bakin ruwa na yi a gabansu, aka yi ihu, aka daina ce mini Amaryar Goggo. Da labari ya kai gida Goggo ta yi murmushi ta kau da kai, da dare ta sa mini tsoka biyu a miya maimakon ɗaya. Baba ya ce a jiƙa mini tsamiya da jar kanwa in riƙa sha don zafin ya ragu. Iyakar maganin da na taɓa sha ke nan, kuma ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wannan mako ba.

Jinin ya bi ni shekaru, yana zuwa yana tafiya, har na fara koyon ɗinki a kasuwa, sannan ya ɗauke da kansa kamar yadda Baba ya ce. Na yi aure, na hayayyafa, na ci kasuwata. Ɗanlami ya zama direba, ya yi ta jigila tsakanin Kawo da Zariya, daga baya ya sayi fili a Katabu tun wurin ana noma dawa, ya gina gida ya koma. Zumuncinmu bai yanke ba, duk Juma'a in bai zo shagona ba ni zan je. Shekarun baya kaɗan ya fara ramewa. In muna hira ya tashi ya zaga ya dawo, ya sake tashi, in tsokane shi in ce tsufa ya kama direba. Ashe jini yake gani, ya ɓoye. Ya sha maganin basir, ya sha na sanyi, masu tallar magani da lasifika a tasha sun ci kasuwa a kansa. Sai da fitsarin ya tsaya cak, cikinsa ya kumbura, 'ya'yansa suka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Ina wurin likitan ya yi bayani, wani matashi mai haƙuri, da Hausarsa ta Zazzagawa. Ya ce tsargiya tsutsa ce. Mai ita in ya yi fitsari a ruwa ƙwanta ke fita, ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙananan katantanwan nan na cikin ciyawa, ya hayayyafa a can, sannan da tsakar rana su fito cikin ruwa, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai ka sha ba, taka ruwan kawai ya isa. Su bi jini su je su zauna a jijiyoyin mafitsara suna zuba ƙwai, ƙwan ne ke yaga mafitsarar ya fito da jini. Ya ce tsutsar takan mutu bayan shekaru, amma ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara yana nan, yana cin wurin a hankali, a wasu mutane ya zama ciwon daji bayan sun tsufa. Na Ɗanlami ya riga ya bazu. Ya ce da an sha ƙwaya tun da wuri, ta yini guda ce, yanzu ma kyauta ake raba wa yara a makarantu. Ina jin haka na tuna yadda muke jeruwa a bakin ruwa muna yi a ciki muna ihu, sai na nemi benci na zauna.

Na yi ta zuwa Katabu ina zama da shi. Sun sa masa robar fitsari, jakar tana rataye a gefen gado, ja kamar zoɓo, ya sa aka lulluɓe ta da tsumma saboda masu zuwa dubiya. Bakin nan nasa bai mutu ba har ƙarshe. Wata rana da muka rage mu biyu ya kamo hannuna, hannun ba nauyi kamar kara.

"Amaryar Goggo," ya ce, "ka je a duba ka. Ni wanka kawai na yi na samu wannan. Kai fa tsayuwa ka yi."

Na yi dariya na ce ni garau nake, ko ciwon kai ba na yi. Ya ce shi ma haka ya ce. Bai ƙara tayar da maganar ba, kafin azumi ya zagayo muka kai shi makwancinsa. Na yi niyyar zuwa asibitin, Allah ya sani na yi niyya. Amma mutum yana cin tuwonsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ya je ya ce wa likita me? In faɗi gaskiya tsoro ne, na fi son rashin sani.

To ga shi ya zo da kansa. Ranar farko ina shirin alwalar la'asar ne, na ga ruwan ya canza, ba zafi, ba komai, ja kawai. Na dafa bango. Na ce wataƙila zoɓon da na sha ne. Na daina shan zoɓo, ya ɗauke, na yi hamdala, bayan 'yan kwanaki ya dawo har da gudaji. Daga nan duk shiga bayi ta zama mini tashin hankali, in riƙe fitsari har marata ta yi ciwo don kada in gani. A sahu ina salla hankalina yana kan wandona. Abin da ya fi ba ni haushi, ni da na tara yaran unguwa na yi a gabansu ina taƙama, yau na kasa buɗe baki in gaya wa matar da muka tsufa tare. Yaran yanzu ko ƙurji ya fito musu sai su ɗauki hotonsa a waya su tura wa likita, ba kunya ba komai. Da ina yi musu tsaki, yanzu sha'awa suke ba ni.

Sai na shiga wanke wandunana da kaina. In faki idon Hajiya, maiɗakina, in ta shiga maƙwabta, in ɗauki sabulu in cuɗa a bayi, in shanya a bayan tankin ruwa inda na ɗauka ba ta zuwa. Ni a dole mai dabara. Wata safiya na dawo daga masallaci na tarar ta fito mini da farar shaddata ta ɗora a kan gado, da hula, ita kuma tana zaune da mayafinta a jiki. Na tambaye ta ɗaurin auren wa ake yi. Ba ta ɗago ba.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka da sabulun wanki a hannu ba. Kuma ba ka iya ba, tabon yana nan. Na kira yarinyar nan, ta ɗauki izini a ofis, tana hanya."

Na buɗe baki zan yi faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi, sai ta riga ni. Ta ce ita ma ta je Katabu, ta ga abin da ke ƙarƙashin tsumman nan, ba za ta zauna tana kallo a maimaita mata a ɗakinta ba. Na ɗauki shaddar na sa.

Yarinyar nan da ta ce 'yarmu ce ta fari, ma'aikaciya ce a sakatariya, ita ma da 'ya'yanta har sun tasa. Irin tarbiyyarmu ta dā, ɗan fari ba a sakewa da shi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da ita ba, gaisuwa ce da sa albarka, ta sunkuyar da kai ta tashi. Yau ita ce ke tuƙa ni zuwa asibiti a kan maganar fitsari. Duk hanya ina kallon taga, ita tana kallon titi. A asibitin aka ba ni 'yar kwalba aka nuna mini bayi. Na fito da ita a ɓoye cikin hannun riga, ga mutane cike da baranda, na rasa inda ake kaiwa, na tsaya ina waige-waige. Ta taso ta miƙo hannu ta ce, "Kawo, Baba." Na so in hana, ta riga ta karɓa. Na ga lokacin da idonta ya sauka a kan launin abin, sannan ta juya ta tafi da ita da sauri, ba ta ko naɗe ta a takarda ba.

Aka sa na sha ruwa har na ƙoshi, aka kwantar da ni, aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara, likita tana goga na'ura tana kallon allo. Mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta tambaye ni ko na yi wasan ruwa da ƙuruciya, ko na taɓa tsargiya, ko an ba ni magani. Na ce tsamiya da jar kanwa. Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe a wuri ɗaya tana dannawa, ta koma ta sake dawowa wurin, ni kuwa ina kallon fuskarta ina neman labari. Daga baya ta kira 'yata ciki ta juyo mana da allon, ta nuna wani ɗan tudu a jikin bangon mafitsara. Ta ce akwai tsiro. Ta ce sai an shiga da na'ura an gani da ido, a yanko kaɗan a auna, kafin nan ba za ta ce komai ba, amma kada a ɗaga, mako mai zuwa.

'Yata ta ce, "Likita, irin na Baba Ɗanlami ne? Abokinsa ne, bara ya rasu da ciwon mafitsara."

Likitar ta ce ba ta san shi ba. Ta ce gara da aka zo yana fitsari da kansa, mu yi ta addu'a. Ta ce mu sayi magani kaza, mu dawo ranar da sassafe ban ci komai ba.

Muka fito muka shiga mota. 'Yata ta sa makulli, ba ta murɗa ba. Sai kawai ta kifa kanta a kan sitiyari, kafaɗunta suka fara rawa, tana kuka ba sauti, mace mai 'ya'ya, da katin ofis rataye a wuyanta. Mai gadin wurin ajiye motoci yana ta yi mana alama da hannu mu fita wani zai shiga. Ni kaina a tsorace nake, ba ni da wata magana mai daɗi da zan ba ta wadda ba ƙarya ba. Rabon da in taɓa yarinyar nan tun tana cikin zanen goyo. Na ɗaga hannu na ɗora a kan mayafinta, na bar shi a wurin, ta ƙara fashewa.

"Ya isa," na ce. "Tayar da motar. Uwarki tana can ita kaɗai, ba ta karya ba."